Taragon gyaɗa a tashar Kano wajen 1952: rufaffe ne ko buɗaɗɗe, kuma wane launi?

Dan_Fagge_64:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau wata takwas ke nan ina haɗa ɗan ƙaramin samfurin filin lodi na tashar jirgin ƙasa ta Kano, yadda yake wajen 1952, a kan tebur mai tsawon ƙafa takwas a bayan shagona. Na shimfiɗa layi, na tayar da dalar gyaɗa biyu, rumfar sikeli ma ta tsaya. Taragu ne suka tsayar da ni. Hoto ɗaya tak gare ni, na kakana, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi akawun sikeli a wajen wani dillalin gyaɗa. Yana tsaye da littafi a hannu, a bayansa lebura na hawa katako da buhu a ka suna shiga tarago. To rabin taragon kawai ya fito, hoton kuma baƙi da fari ne. Tambayata biyu ce. Gyaɗar nan a rufaffen tarago ake lodinta, ko a buɗaɗɗe a ja tamfol? Sannan wane launi ne fentin jikinsu? Ba na so in kwashe wata uku ina yanka roba, in zo in ƙera abin da bai taɓa taka Kano ba.

TsohonGadi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kakanka, ɗana. Ni ban riski 1952 a bakin aiki ba, a 1966 na shiga reluwe, na yi gadin jirgin kaya tsakanin Kano, Zariya da Minna. Amma taragun da na tarar da yawansu sun girme ni a aikin. Abin da idona ya gani shi ne duka biyun ana yi. Rufaffe shi ne na ƙa'ida, don gyaɗa ba ta shiri da ruwa, kuma ana buga masa hatimi a ƙofa, ni ke duba hatimin in mun tsaya in rubuta a littafi. Amma in kaka ta yi albarka, kaya suka fi ƙarfin taragu, duk abin da ke da ƙafa sai a tura shi layin lodi. Buɗaɗɗen da ya kawo kwal daga Inugu, a share shi tas, a jera buhu, a ja tamfol a ɗaure da igiya a ƙugiyoyin gefe. Launi kuwa, ni ja nake tunawa, ja mai duhu irin na jar ƙasa.

Nguru_Karshen_Layi:
Baba, ina neman afuwa, amma ni toka-toka na sani. Gidanmu a Nguru ba nisa da tasha, mahaifina ɗan kamashon shanu ne, tun ina yaro nake bin sa wajen lodi. Taragun da nake gani a jere ruwan toka ne, an rubuta lamba da farin fenti. Har yau ina iya ganinsu in na rufe ido.

TsohonGadi:
Wace shekara kake magana, ɗana? Kuma na shanu kake nufi, masu tsaga-tsaga a jiki don iska, ko rufaffu na buhu?

Nguru_Karshen_Layi:
Wajen 1974 zuwa 1978, Baba. Yawanci na shanu ne, gaskiya. Amma akwai rufaffu a bayansu, su ma ban tuna su da ja ba.

Injiniya_Zariya:
Kafin a kai ga fenti, Malam Dan_Fagge, ina da tambaya wadda ta fi fenti nauyi. Wane ma'auni kake aiki da shi, kuma wane layi ka shimfiɗa?

Dan_Fagge_64:
HO ne, ranka ya daɗe, wato kashi 1 cikin 87. Layin wani abokina ya taho min da shi daga Dubai, faɗinsa milimita 16.5.

Injiniya_Zariya:
Abin da na ji tsoro ke nan. Ka ga, layin HO an yi shi ne don ya kwaikwayi babban layi irin na Turai da Amurka, mai faɗin milimita 1,435. In ka raba 1,435 da 87, za ka samu kusan 16.5. Shi ne irin layin da aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016. Amma tsohon layinmu, wanda ya iso Kano a 1911, ƙafa uku da inci shida ne, wato milimita 1,067. Raba wannan da 87, milimita 12 da 'yan kai za ka samu. Ma'ana in ka ɗora taragon Najeriya na 1 cikin 87 a kan layin 16.5, ƙafafunsa za su buɗe fiye da kima. Wanda ya san jirginmu zai gane daga kallo ɗaya, don abin da ya bambanta taragonmu shi ne yadda jikinsa ke fin layin faɗi sosai, ya yi rinjaye ta kowane gefe.

Mafita biyu ce. Ko ka tsaya a 1 cikin 87 ka ɗage layin, ka nemo na milimita 12, wanda masu ma'aunin TT, wanda ya fi HO ƙanƙanta, ke amfani da shi. Ko ka bar layinka yadda yake ka ƙara girman komai zuwa 1 cikin 64, don 1,067 in aka raba da 64 yana ba da 16.7, bambancinsa da 16.5 ido ba ya kama shi.

Dan_Fagge_64:
Innalillahi. Wata takwas. Dalar nan kaɗai sati shida ta ci min, buhu ɗaya-ɗaya na mulmula da hannu.

Sani_Manchester:
Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa, asarar ba ta kai yadda kake zato ba. Ina zuwa wani kulob na masu wannan sha'awa a nan Ingila, kuma na ga yadda mutanen New Zealand da na jihar Queensland ta Ostireliya suke yi, su ma layinsu ƙafa uku da rabi ne kamar namu. Da yawansu hanya ta biyu suke bi, 1 cikin 64 a kan layin HO. Dalili shi ne layi da ƙafafu da injin lantarki na HO suna ko'ina kuma da sauƙin kuɗi, na milimita 12 kuwa sai ka sha nema ko a nan, balle a Kano. Sannan tunda ba kamfanin da ke sayar da taragon Najeriya a kwali, dole da hannu za ka yanka, to girman 1 cikin 64 ya fi daɗin aiki. Kan ƙusa da maratayin ƙofa da tsagin katako duk suna fitowa ba sai ka kashe idonka ba.

Dalarka kuma ba sai ka rushe ba. Ka tura ta can bayan tebur. Abin da ke baya in ya ɗan ƙanƙanta, ido nisa yake ɗaukarsa, masu wannan aiki da gangan ma suke yin haka. Rumfar sikeli ce kawai za ka sake, saboda tana gaba kuma mutum zai tsaya a ƙofarta.

Maryam_Tarihi:
Na ji daɗin shekarar da ka zaɓa, Malam, don ita ce ke ba da amsar rabin tambayarka. Mutane suna kallon dalar gyaɗa a matsayin alamar arziki kawai, kuma haka ne, amma ta wata fuskar dalar nan alama ce ta ƙarancin taragu. Gyaɗa ce da ke jiran jirgi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu reluwe ta fito a gajiye, kawunan jirgi sun tsufa, kayan gyara ba sa zuwa daga Ingila a kan lokaci, ga noma ya ƙaru. Sai gyaɗar bana ta tarar da ta bara ba a kwashe ba. Shi ya sa ake jera buhu har kusan 15,000 a dala guda, a lulluɓe da tamfol kafin damina, ƙwari kuma suna ɓarna a ciki. Saboda haka maganar Baba TsohonGadi ta hau daidai: a lokacin da kaya ke kwana shekara a fili, ba wanda zai bar buɗaɗɗen tarago ya koma kudu wayam.

Wannan matsala ma tun farko take. Turawa da suka ja layin Baro zuwa Kano a zamanin Gwamna Girouard, auduga suka sa rai za su kwasa. Da layin ya fara aiki sosai a 1912, sai manoma da fatake irin su Alhassan Dantata suka juya ga gyaɗa, ta cika tasha fiye da yadda aka shirya mata.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai: kada ka rubuta NRC, wato Nigerian Railway Corporation, a jikin taragonka. Hukumar da ke da wannan suna a 1955 aka kafa ta. A 1952 sashen gwamnati ne, sunansa Nigerian Railway kawai. Haka kuma kan jirgin da za ka sa a gaba ya zama mai kwal, don dizal bai fara jan kaya a babban layi ba sai tsakiyar shekarun 1950. Masu sunayen koguna, waɗanda suka fara isowa a 1948, su suka dace da shekararka.

Dan_Fagge_64:
Allah ya saka da alheri, Malama. Wallahi har na riga na zana NRC a takarda zan kai a buga min. Yanzu na sake duba hoton da gilashin ƙara girma: akwai harafin N a gefen ƙofa, abin da ke bayansa kafaɗar wani lebura ta rufe. Jikin kuma katako ne a kwance, na ƙirga guda bakwai daga ƙasa zuwa inda hoton ya yanke, ƙofar irin mai zamewa ce a kan ƙarfe.

MaiHoto_SabonGari:
To ai ka amsa tambayarka ta farko da kanka, aƙalla game da taragon da ke bayan kakanka. Ƙofa mai zamewa ta rufaffe ce.

Batun launi, bari in sa baki don sana'ar gidanmu ce tun kakana. Kada ka yarda da duhu ko hasken da ka gani a hoton baƙi da fari. Akwai tsohon fim da ba ya ganin ja ko kaɗan, duk abin da yake ja sai ya fito kamar baƙi, shuɗi kuma ya fito fari-fari. Daga baya aka samu wanda ke ganin launuka duka daidai gwargwado. A shekarun 1950 duka biyun suna hannun masu hoto. Dabarar ita ce ka nemi wani abu a hoton da ka tabbatar da launinsa. In akwai mai jar dara a ciki, duba ta. In darar ta fito baƙi ƙirin, fim ɗin makahon ja ne, kuma in taragon ya fito da haske a irin wannan fim, to ba ja ba ne. In shi ma ya yi duhu kamar darar, maganar Baba ta samu ƙarfi, ko da yake baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu ma haka za su fito.

Dan_Fagge_64:
Ba mai dara a ciki. Kakana farar hula ce a kansa, leburan kuma gammo. Taragon dai ya fi buhunan duhu, bai kai inuwar ƙarƙashinsa ba.

MaiWalda_Kafanchan:
Ni fa ina ganin an tsananta. Malam, ka shafa jan da Baba ya ce, ka bi shi da ƙura da tsatsa, shi ke nan. Taragon da ya yi Kano zuwa Apapa sau ashirin cikin harmatan da hayaƙin kwal, wane launi ya rage masa? Ni a Kafanchan na tashi, mahaɗar layi, jiragen Fatakwal da na Jos duk ta ƙofar gidanmu suke wucewa, kuma in ka tambaye ni launin taragon kaya zan ce maka launin datti. Da babu gara ba daɗi. Ka gama abinka yara su gani, waɗanda ba su taɓa ganin jirgin kaya yana tafiya ba.

Maryam_Tarihi:
Malam MaiWalda, maganarka ta ƙura gaskiya ce, kuma duk launin da aka zaɓa sai an dusashe shi. Amma ban yarda a shafa kawai ba. Dalilina shi ne abin da nake gani kullum a Facebook. Wani zai ɗauki hoton samfurin nan, ya ɗora, ya rubuta "tashar Kano a da". Bayan shekara biyu ɗalibi ya sa shi a aikinsa na makaranta. Tarihin reluwe na Arewa ba shi da masu rubuta shi da yawa, saboda haka kuskure ɗaya in ya shiga, ba mai fitar da shi. A Amurka masu wannan sha'awa suna iya yin sati suna gardama a kan ƙofar tarago guda, suna da littattafan rajista da ke ba da lamba da awon kowane rukuni. Mu ba mu da wannan gatan, shi ya sa wanda ya fara yi ya kamata ya yi a hankali. In ya zaɓi ja, ya rubuta a ɗan kati a gefen tebur cewa launin daga bakin wani tsohon gadi aka samo shi. Wannan ma ilimi ne.

Uwar_Biyu:
Ni ba na ƙera komai, ɗana ne ya sa ni shiga zauren nan, shekararsa 11, duk kwalin da ya shigo gidan nan sai ya zama mota ko jirgi. Amma karanta maganganunku ya tuna min da yayyena a Gusau. Da kara suke yin jirgi, su ɓare bayan karan dawa su soka a cikin totuwarsa, su yi taragu biyar ko shida su haɗa da zare, ƙafafun kuma da fasasshiyar ƙwarya. Kuma ba da ka suke yi ba, sai sun je bakin tasha sun zauna sun kalli na auduga, su dawo su gyara. Babban yayanmu har dukan ƙaninsa ya taɓa yi don ya sa wa tarago ƙafa uku a gefe. To ashe abin da kuke yi ɗin nan mun daɗe da shi, kayan aikin ne suka canza. Tambayata, wace roba ce kuke yankawa, kuma yaro zai iya?

Sani_Manchester:
Hajiya, farar roba ce mai laushi da ake sayarwa fale-fale, kauri daga rabin milimita zuwa biyu. Ba a yanka ta har ƙasa, ana jan layi da wuƙa a kan rula ta ƙarfe sai a karya, ta rabu tsaf. Masu yin allon talla da ɗaliban zanen gine-gine suna amfani da irinta, in kin tambaye su za su nuna miki inda suke saye. Amma ga ɗan shekara 11 ki bar shi a kwali mai ƙarfi da gam ɗin katako tukuna, ruwan da ke narka robar yana da wari mai hawa kai. Abin da zai fi amfanarsa shi ne rula, ya koyi raba awo da 64. Allah ya yi masa albarka.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ina bin maganar tun safe. Malam Dan_Fagge, in kana son filin lodinka ya cika, ka sa mota ɗaya ko raƙuma da suka taho daga wajenmu. Gujiyar da ke cikin dalar Kano, wato gyaɗar da kuke cewa, ba duka ta Kano ba ce. Ta Maradi da ta Damagaram da yawa nan take bi, don Nijar ba ta da jirgi a lokacin. Kakana ya yi wannan safara ta Jibiya da Katsina. Sai daga wajen 1953 Faransawa suka ɓullo da shirin da suka kira Hirondelle, don a juya gujiyar ta bi mota zuwa Paraku a Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau, daga can jirgi ya kai ta Kwatano. Layinsu kuma mita ɗaya ne cif, ba irin naku ba. Shekararka ta 1952 tana gab da wannan canji. Yanzu ga shi ana ja mana sabon layi daga Kano zuwa Maradi, kusan hanyar da kakana ya bi da ƙafa.

Yar_Jos:
Tunda ana maganar faɗin layi, kada a manta da ƙaramin jirgin Zariya zuwa Jos, wanda aka yi don kuza. Shi ƙafa biyu da inci shida ne, ya bi ta Dutsen Wai da Rahama da Jengre, ya kai Bukuru a 1914, aka rufe shi a 1957. A 1952 yana nan da ransa. Duk kayan da ya kawo Zariya sai an sauke an sake lodawa a babban tarago, don ba ya hawa babban layi. In wani a zauren nan yana neman aiki na gaba, filin sauya kaya na Zariya da layi iri biyu gefe da gefe zai yi kyau ƙwarai. Akwai ragowar kayansa a ajiye a gidan tarihi na Jos, ana iya zuwa da tef a auna.

Injiniya_Zariya:
Wannan buri nawa ne tun da daɗewa, Yar_Jos, Allah ya ba da iko. A 1 cikin 64, layin milimita 12 ya yi masa daidai, don 762 in aka raba da 64 yana ba da 11.9.

Mu koma kan taragon. Malam Dan_Fagge, ka ce katako bakwai ka ƙirga. Wannan awo ne a hannunka. In ƙafar taragon ta fito a hoton, ko tsayin leburan da ke daf da ƙofa, za ka iya kimanta faɗin katako ɗaya, daga nan ka fitar da tsayin ƙofa. Amma a kula, mutumin da ya fi kusa da kyamara ya fi girma a hoto, sai wanda ke tsaye a bakin ƙofar za ka auna da shi, ba kakanka ba. Sannan ka duba ƙarƙashi: ƙafa biyu ne a gefe a manne da jiki, ko kuwa irin dogon nan ne mai bogi, ƙafa huɗu a kowane kai suna juyawa? Wannan shi zai gaya maka tsawonsa.

TsohonGadi:
Injiniya ya yi tambaya mai kyau. Ni a zamanina masu bogi sun fi yawa a babban layi. Kuma ga wasu abubuwa da nake gani yara masu zane suna kuskurewa. Taragonmu ba shi da faifan karo biyu a kai irin na Ingila, mahaɗi ɗaya ne a tsakiya, shi ke ja shi ke karɓar karo. A gefensa akwai bututun burki, baƙar roba mai kauri. Burkin namu na zuƙe iska ne. Kan jirgi yana zuƙe iskar da ke cikin bututun tun daga gaba har taragon gadi, muddin ba iska a ciki burki a sake yake. In jirgi ya tsinke a hanya, iska ta shiga, burki ya kama da kansa gaba da baya. Na ga wannan da idona wata rana da dare a hawan da ke kusa da Kaduna, da ba don shi ba da ba ni ke rubuta muku wannan ba. To in ka ƙera tarago ba bututun nan, ni a wajena bai cika ba. Kada kuma ka manta da taragon gadi a ƙarshe, da fitilarsa ja. Nan na yi shekara goma sha tara.

Dan_Fagge_64:
Allah ya ƙara lafiya, Baba. Taragon gadi zan fara yi ma kafin na gyaɗa, in ka yarda ka zana min yadda cikinsa yake, ko da biro ne a takarda. Injiniya, ƙafafun ba su fito ba, buhuna sun tare.

Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Layinmu na Gana shi ma ƙafa uku da inci shida ne, kuma a zamanin Turawa ofishi ɗaya ne a Landan, Crown Agents, ke yi wa ƙasashen da ke ƙarƙashinsu odar kayan jirgi. Saboda haka in ka ga hoton taragon koko na Sekondi ko Takoradi za ka ga kama. Amma kada ka kwafa kai tsaye, kowace reluwe da nata tsarin lamba da nata gyare-gyare. Ka ɗauke shi a matsayin ɗan'uwa, ba shi kansa ba.

Maryam_Tarihi:
Maganar Crown Agents ta kawo mu inda za a nema. Kamfanonin Ingila da ke ƙera taragu, irin su Metropolitan-Cammell a Birmingham da na Gloucester, suna da al'adar ɗaukar hoton sabon tarago kafin a sa shi a jirgin ruwa, daga gefe, tsaf, wani lokaci da allo a gabansa mai bayanin awo. Takardun kamfanonin nan da yawa suna ajiye a ɗakunan adana tarihi na garuruwansu. Malam Sani, kai ne kusa. A ɗakin adana takardu na gwamnatin Ingila da ke Kew a Landan kuma, wasiƙun gwamnatin mulkin mallaka game da Najeriya suna ƙarƙashin lambar ajiya CO 583. A gida, akwai ɗakin adana takardu na ƙasa a Kaduna, a nemi rahoton shekara-shekara na reluwe. Sannan littafin Francis Jaekel mai juzu'i uku a kan tarihin reluwen Najeriya, wanda ya fito a 1997, mutumin ya yi aikin ne da kansa shekaru da yawa. Gidan da ake kira da sunansa a Ebute Metta ta Legas yanzu ɗan gidan tarihi ne mai hotuna. Gargaɗi ɗaya: wasu kamfanonin sukan shafa wa tarago toka-toka na musamman don ranar hoto kawai, saboda ya fito da kyau, daga baya a yi masa fentinsa na aiki. Saboda haka hoton kamfani zai ba ka siffa da awo, launi kuwa sai allon ya faɗa.

Sani_Manchester:
Birmingham awa biyu ce daga nan. Zan rubuta musu wannan satin in ji abin da ke akwai da sunan Najeriya, in na samu rana zan je. Malam Dan_Fagge, turo min hoton ta akwatin saƙo, a ɗauke shi da haske mai kyau, kada a yi amfani da filashi.

Nguru_Karshen_Layi:
Ni kuma ga abin da zan iya. A wasu tashoshin layinmu akwai tsofaffin gangar jikin taragu da aka sauke daga ƙafafunsu tun da daɗewa aka mayar da su sito. Na san guda biyu. In Allah ya sa 'yan gwangwan ba su riga mu ba, a jikin ƙarfen ƙasa akan samu ɗan faranti mai sunan kamfani da shekarar ƙira. Kuma in aka kankare fenti a hankali a wurin da rana ba ta bugu, kamar ƙarƙashin maratayin ƙofa, ana ganin hawa-hawa, na ƙasa shi ne na fari. Abin da ke ci min rai shi ne bara na je neman wani da na sani tun ina yaro, na tarar an yanka shi an auna a kilo. Ba wanda ya ɗauki ko hotonsa.

TsohonGadi:
In za ku je, ku fara gaida mai kula da tasha ku gaya masa abin da ya kawo ku, kada a gan ku da ƙarfe a hannu kuna kankara a ɗauke ku ɓarayi. Ku kula da maciji a ƙarƙashi. Kuma ɗana na Nguru, in ka kankare ka tarar da toka a ƙasan ja, ka faɗa min, ba zan ji haushi ba. Shekara takwas ke tsakanin shigata aiki da lokacin da kake magana, kuma tsakanina da hoton nan shekara goma sha huɗu ne. Fenti yana iya canzawa sau biyu a wannan tsakani.

MaiWalda_Kafanchan:
To ni dai ina nan a kan bakata, a gama a shafa ƙura. Amma in za a je auna gangar jikin nan, ina da tef mai mita goma da burushin ƙarfe, kuma na san yadda ake karanta faranti in tsatsa ta cinye shi: a shafa alli a goge, rubutun sai ya fito. A sa ni a tafiyar.

Dan_Fagge_64:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Ga inda na tsaya a daren nan. Na koma 1 cikin 64, layi yana nan, dala ta koma baya, rumfar sikeli na cire ta ɗazu bayan la'asar. Zan fara da taragon gadi in Baba ya turo zanen. Rufaffen kuma zan jira abin da Malam Sani zai samo kafin in yanke tsawonsa, amma ƙofa da katakon gefe zan iya farawa tunda suna cikin hoton. Buɗaɗɗe ɗaya mai tamfol zai shiga layin lodi. Fenti ba zan taɓa ba tukuna, farar robar za ta zauna haka.

Malam Nguru, Asabar ta sama ta yi maka? Zan taso daga Kano da asuba in biyo ta Malam Madori. Sannan wanda ya san abin da zan yi tamfol da shi a wannan girman ya taimaka, na gwada ƙyallen atamfa ya yi kauri, leda kuma tana sheƙi.

Uwar_Biyu:
Gwada takardar da ke cikin kwalin sabon takalmi, mai laushin nan. Ɗana yana jiƙa ta da ruwan gam ya shimfiɗa a kan kayan motarsa, in ta bushe tana riƙe lanƙwasar buhunan da ke ƙarƙashi.

Nguru_Karshen_Layi:
Asabar ta yi. Ka taho da alli da fitila mai ƙarfi, cikin ɗayan duhu ne ko da rana.